Hayaƙin Injina a Bayan Ɗakin Inna

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, rabin mutanen unguwarmu suna cikin gurup ɗin nan, kuma wanda maganar ta shafa ma ina kyautata zaton yana ciki, irin masu karantawa su yi shiru ne. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina, don na san wasu sai sun zaga.

Ni malamin firamare ne, ina zaune a Tambuwal, ina koyarwa a wani ƙauye a ƙasar Kebbe, kullum a babur nake zuwa in dawo. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma na faɗi wannan tun farko ne don duk maganar a kansa take. Wanda ya tashi a gidan da ake kunyar ɗan fari ya san abin da nake nufi, wanda bai sani ba bari in gaya masa. Mahaifiyarmu, Inna muke ce mata, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, a can na girma, sai da na shiga sakandare na dawo gida. In na shiga gaishe ta da safe sai ta kau da kai gefe ta amsa a taƙaice, ba ta aike na, ba ta roƙo na komai, ba ta yabo na, ko faɗa ba ta yi mini. In ta kama dole sai ta ambace ni, "wancan" take cewa, kowa a gidan ya san wa ake nufi. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi a gidajenmu, haka aka yi wa babana a gidansu. Na saba, ko in ce na ɗauka na saba.

Shekarun baya da wutar kamfani ta koma sai an ga dama, taransifomar unguwarmu ta lalace, aka yi ta karo-karo ana gyarawa tana sake lalacewa har mutane suka gaji suka haƙura, sai na yi dabara. Na sayi wani tsohon injin gas a hannun mai niƙan da ya bar sana'a, irin mai nauyin nan da ake murza wa hannu kafin ya tashi, aka haɗa mini shi da kan janareto, na fara ba gidaje wuta, abin da ake ce wa maja. Gidan da nake haya babu fili, don haka na kafa shi a kangon da ke bayan gidanmu na gado, jikin bangon ɗakin Inna, na yi masa rumfar kwano. Baffanmu, ƙanin marigayi babanmu, shi ne babba a gidan yanzu, shi ya ba ni izini. Na ja waya gida-gida, kowa yana biya a wata gwargwadon ƙwan fitila da fankar da ya sa, masallacin unguwa da ɗakin Inna kuma kyauta na ja musu.

Injin nan yana da hali, ba kowa yake yarda da shi ba. Akwai yadda ake sassauta masa, akwai inda ake kaiwa a murzawa a saki, wanda bai iya ba hannun zai iya dawowa ya karya masa tsintsiyar hannu. Don haka ban taɓa barin kowa ya tayar da shi ba, ni kaɗai. In an tashi makaranta nakan leƙa 'yar gonar da nake nomawa a can, sannan in jira abokan tafiya, don yanzu ba a bin hanyar nan mutum ɗaya, sai dab da magariba nake shigowa gari. Ko gidana ban shiga ba, jakar makaranta na kafaɗa, nake wucewa rumfar inji in duba baƙin mai in murza shi. Yana tashi unguwa ta ɗauki haske, ya yi ta aiki har lokacin da mutane ke kwanciya in kashe.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin shekarun nan. Sunana ya koma Malam mai wuta. Mutumin da a da in mun haɗu sai dai ya ɗaga mini hannu ya koma tsayar da babur ya tambayi iyali. In ana biki ko suna sai a zo tun da wuri ana lallashina in ƙara lokaci, da azumi mata masu ƙanƙara har kunu ake aiko mini da shi. Albashin malamin firamare kun san shi, ba ya sa a tashi a ba ka kujera, injin nan ne ya sa aka fara ba ni.

Sai autanmu ya dawo. Zan kira shi Nura, ba sunansa ba ne. Shi Inna ke kira da sunansa har da na wasa, shi ke zama a bakin gadonta ya sa hannu a kwanonta, shi take wa faɗa, shi take wa dariya. Ya je Sakkwato ya koyi haɗa sola, ya yi wa mutane aiki a Sanyinna da Fakku har ya yi suna, sannan ya samu wasu da suka ba shi kaya a kan yarjejeniya, ya ce zai gwada raba wa gidaje wuta a unguwarmu. Don in yi masa adalci, ni ya fara samu. Ya zo har gida ya durƙusa ya ce Yaya ga abin da nake son yi, amma in ba ka so in tafi wata unguwa. Ni kuwa na yi dariya, na ce masa sola ai ta cajin waya ce da fitilar makewayi, ina rana za ta ja firiza, in damina ta zauna kuma gajimare ya rufe sai ya sayar musu da duhu. Na ce ya je ya gwada, kasuwa ta kowa ce. Da bakina na faɗa, babu wanda ya matsa mini.

Ya jera fanel, farantan solar nan, a rufin gidanmu na gado, ya zuba batir da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, a tsohon shagon babanmu, ya ja wayarsa kusa da tawa a kan turaku. Tasa wutar dare da rana take, ba ƙara, ba wari, ya sa wa kowa mita, mutum ya sayi gwargwadon ƙarfinsa ta waya, ya ƙare ya sake saye. Tawa kuwa daga magariba ce zuwa kwanciya, ga gas kullum sai tashi yake, in ya tashi dole in ƙara wa mutane, in na ƙara a yi ta ƙunƙuni. Na fara ganin abin da ban taɓa gani ba, wai ni ne nake bin kwastoma. Na rage farashi har ina cin uwar kuɗi, na ƙara lokaci, na ce cajin waya kyauta a rumfata, shi kuma ya fara ba sababbin shiga ƙwan fitila kyauta. Mutanen unguwa suka samu abin da suke so, yau a ce mini ai Nura ya ce kaza, gobe a ce masa ai Malam ya rage, wa da ƙani ana ta buga mu.

Kuma kun san mutanenmu, ba wanda zai zo ya dube ka ya ce na bar ka. Sai a bar wayarka a bango, a ƙara tasa a gefe, a yi ta haka na ɗan lokaci, sannan a aiko ma da saƙo wai a ɗan dakatar tukuna, maigida ya yi tafiya, alhali ka gan shi a masallaci da asuba. Wani telan da a da ba ya wuce ni sai ya tsaya, yanzu in ya hango ni sai ya sha kwana ya bi lungu. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne masallaci. Kwamiti suka mayar da lasifika kan solar Nura, suka ce kiran asuba yana son wuta kuma injina a kashe yake a lokacin. Gaskiya suka faɗa, amma ranar da na ji kiran asuba ya fito tar ta lasifikar da ni na saya, na daɗe a zaune a bakin gado ban tashi alwala ba. Yanzu waɗanda suka rage mini masu kaya masu nauyi ne, mata masu firiza da masu guga, sai kuma waɗanda ke dawowa a ɓoye in an kwana biyu ana gajimare.

Duk wannan da shi kaɗai ne da na shanye, kasuwa ce. Abin da ya tsaya mini a wuya Inna ce. Maiɗakina ta je wani suna a dangi ta dawo tana ba ni labari, ita ba da wata manufa ba, wai Inna ta zauna a tsakiyar mata tana cewa, "Nura ya kawo muna wuta wadda ba ta hayaniya, dare da rana hwanka na juyawa, Allah dai shi yi mai albarka." Wai har tana kiran mata su zo su ga makunnin da ya sa mata a kan gado. Jama'a, shekara da shekaru ina haska ɗakin nan, damina da rani, in gas ya yi wuya in hana kaina in saya, ban taɓa jin an ce ta ce komai ba, ko a bayan idona. Na san dalili, na san al'ada ce, na san da ta yabe ni a gaban mata da an yi ta yi mata dariya ana cewa ta zubar da kunya. Duk na sani, sanin bai rage mini komai ba. Ga furfura ta fara fito mini a gemu, ina da 'ya'yan da suka kusa aure, amma kishin ƙanena nake yi irin na yaron da aka yi wa ƙani yana kan nono.

Tunda sunana a sakaye yake bari in faɗi yadda abin ya kai. In hadari ya haɗo manoma na murna don gona, ni ina murna don fanel. In na shigo gidanmu sai na ɗaga kai na dubi rufin, in na ga tantabaru sun ɓata masa su sai in ji wani sanyi a raina. In wani ya zo yana ƙorafin batirin Nura ya sauka kafin gari ya waye, ina ba shi haƙuri da baki, amma ranar har ƙarin tuwo nake nema. Yaron nan bai taɓa ɗaga mini murya ba, har yau in ya gan ni sai ya rusuna, ya karɓi jakata, kuma wannan ladabin nasa ma haushi yake ba ni, don da yana da rashin kunya da na samu inda zan kama.

To ana cikin haka sai maganar tari ta taso. Inna ta daɗe tana tari, muka ɗauka tsufa ne da sanyi, ana ta jiƙe-jiƙe da zuma. Da ya matsa mata Nura ya ɗauke ta ya kai ta asibiti, ni ban sani ba sai a bakin maiɗakina, kun ga wani abin haushin. Likita ya duba ƙirjinta ya tambaya ko tana girki da itace, aka ce ta daɗe da barin murhu, jikoki da surukai ke yi. Ya ce to akwai wani hayaƙin da take shaƙa, Nura ya ce akwai inji a bayan ɗakinta. Likita ya ba da magani, ya ce amma maganin gaskiya shi ne a raba ta da hayaƙin nan.

Nura bai zo wurina ba, ya ce nauyina yake ji, sai ya tafi wurin Baffa. Ya ce a roƙe ni in cire injin, in an cire shi zai ƙara fanel a kangon ya ƙaro batir yadda zai ɗauki masu firiza, ni kuma in shigo mu haɗu, in riƙe hulɗa da kwastomomi tunda ni suka fi sani. Baffa ya kira mu ya maimaita mini. Ranar na yi abin da ban saba ba, na ɗaga murya a gaban Baffa. Na ce dama filin yake so, tarin Inna hanya ce kawai ya samu, ya kwashe mini mutane bai ishe shi ba sai ya ga ya tuge ni gaba ɗaya, sannan ya ɗauke ni yaron karɓar masa kuɗi. Na ce likitan ma wa ya sani ko shi ya sa masa maganar a baki. Nura bai rama ba, idonsa ya kawo ruwa, ya ce Yaya in ba ka yarda ba ka shiga ɗakin ka dubi bangon da kanka.

Na shiga. Inna ta fita tsakar gida da ta ji ni ne. Ni iyakata a ɗakin nan bakin ƙofa, a nan nake durƙusawa in gaishe ta in juya, ban taɓa wucewa ciki ba. Akwai wata 'yar taga a sama daidai kan gadonta, ita ce ke kallon rumfata. Bangon da ke kewaye da ita ya yi baƙi ƙirin, na shafa yatsa ya fito da baƙi, labule da zanin gado duk warin gas suke. Na juya na fito. Amma ko a lokacin, Allah ya gani, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne me ya sa shi ya riga ni gani.

Baffa ya ce tunda lafiyarta ce a tambaye ta. Shi ba zai iya yi mata maganata kai tsaye ba, ni balle, sai aka aika Sanyinna aka kira Yafendo, ƙanwarta da ke aure a can, don da ita kaɗai take sakin baki. Yafendo ta shiga suka daɗe, ta fito ta ce Inna ta ce kada a taɓa injin. Nura ya ce to a mayar da ita ɗakin da ke can gaba kusa da zaure, nesa da hayaƙin, aka koma aka tambaya, ta ce ba inda za ta, a ɗakinta za ta zauna. Kowa ya rasa gane kanta. Baffa ya ce shi ba zai tilasta wa matar wansa ba, ba kuma zai tilasta mini ba, magana ta dawo hannuna, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci in zo in faɗa musu abin da na yanke.

Ni a raina na ce kunya ce dai, ba ta so a ce ta goyi bayan auta an kashe wa babba sana'a. Washegari da Yafendo za ta koma na ce zan kai ta tasha, muna fitowa ta tsayar da ni a zaure, ta leƙa ciki ta leƙa waje.

Ta ce, "Tsaya nan. Magana nika son gaya ma, amma sai ka yi min alkawali ba ta komawa kunnenta, ba kuma ta zuwa ga Nura. In taj ji na hwaɗi, ni da ita har kabari."

Na ce, "Na yi alkawari, Yafendo."

Ta ce, "Kai kana can kana hushi wai ba ta yabonka. Ka san mi ya hana ta yarda a kashe injin ga? Tun da hanyar Kebbe tal lalace, in la'asar ta yi ba ta da sauran sukuni. Ba ta iya tambayar kowa ko ka dawo, da wane baki? Sai ta hau gado ta jingina da bangon nan, tasbaha na hannu. In taj ji injin ya tashi ta san kai na, don ta san babu mai taɓa shi in ba kai ba. Sannan taka sauka ta yi alwala."

Ta ci gaba.

"Ran da babur ɗinka yal lalace ka kwana Kebbe, an ce min ko ruwa ba ta sha ba, tac ce azumin nafila taka yi, da dare. Jiya na ce mata Yaya hayaƙin ga kashe ki zai yi. Tac ce min, wutar Nura ba ta da murya, in an kashe wancan mi za ni saurara?"

Na kai Yafendo tasha, ban san yadda na tuƙa babur ɗin ba. A hanyar dawowa na tsaya a gindin wata bishiya na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne babanmu. Shekara nawa ina zaton ba ta san ina yi ba, ashe duk yammacin duniya ni take jira.

To ga inda nake so ku yi mini adalci ku kuma gaya mini gaskiya. Da kukan ya wuce, abin da ya biyo baya ba tausayi ba ne kaɗai, daɗi ne, irin mummunan daɗin nan. Na ji a raina cewa ashe ina da abin da Nura ba shi da shi. Shi a yabe shi a gaban mata, a sa masa albarka a tsakar gida, ni kuwa nawa a jikin bango yake, ba wanda ya sani. Ban taɓa son karya alkawari ba irin ranar, na so in je in tsaya a gabansa in ce kai da fanel ɗinka da batirinka, ka san wa take jira da magariba? Ban je ba, amma na tsara maganar a raina sau ba adadi. Kuma na gane yanzu ina da garkuwa, in na je ranar Juma'a na ce inji na nan, babu mai cewa komai, ai mai ɗakin ce da kanta ta ce a bar shi.

Na gwada abin da zan iya. Na kira makanike ya ƙara wa salansar dogon bututu ya ɗaga shi sama, ya ragu kaɗan, amma in iska ta juyo sai ta mayar da shi tagar, ya ce injin ya tsufa yana cin baƙin mai, hayaƙinsa ba zai daina ba. Na yi tunanin in toshe tagar, ɗakin kuma ba shi da wata iskar. Na yi tunanin mayar da shi wani fili can bayan gari, to in ya yi nisan da hayaƙin ba zai iso ba ƙarar ma ba za ta iso ba, ga wayoyina duk daga nan suka tashi.

Maiɗakina kaɗai na gaya wa, ita kuma ba ta ɗauki abin da wuya ba. Ta ce ka kashe inji, in ka dawo ka riƙa leƙawa ka yi sallama a ƙofarta ka wuce, shi ke nan ta ji muryarka. Na ce mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa shiga wurinta da yamma ba, rana ɗaya an kashe inji ya fara zuwa sallama da magariba, ai a ranar za ta gane Yafendo ta yi magana, in kunyata tsohuwa in kuma raba ta da 'yar'uwarta. Ta ce to ka riƙa danna hon in ka zo wucewa. Na ce babura nawa ke bin layin nan suna hon. Ta ce to ka riƙa tsayawa a zaure kuna gaisawa da Baffa da ƙarfi yadda za ta jiyo. Na buɗe baki zan kawo wani dalilin, sai ta dube ni ta ce, "Malam, kai dai ba ka son a samu hanya." Na yi mata tsawa na fita, amma maganar ta bi ni, don na lura duk shawarar da aka kawo kafin a rufe baki na samo mata aibu.

Ga yadda nake ganin abin. In na kashe injin, Nura ya zama shi kaɗai ke ba unguwa wuta, masu firizar da suka rage mini su koma wurinsa, ni in koma malamin firamare mai babur, ko in zama mai bi masa kwastoma, in riƙa jin ana sa masa albarka a gidajen da ni na fara haskawa. Kuma abu ɗaya tak da ke tsakanina da mahaifiyata, wanda ban ma san da shi ba sai yanzu, in kashe shi da hannuna ban tabbata wani zai maye gurbinsa ba. In kuma na bar shi, na ci nasara a kan ƙanena, ita ma abin da ta ce take so ke nan, amma ni da na shafa bangon nan na san abin da take shaƙa.

Jiya na dawo dab da magariba kamar kullum, na shiga rumfa na duba mai na sa hannun inji a wurinsa. Kafin in murza, unguwa shiru, sai na jiyo tarinta ta tagar, kusa sosai, a daidai jikin bangon. Tana zaune ke nan tana jira. Tsakanina da ita bulo ɗaya ne, da na yi gyaran murya ma za ta ji. Na tsaya riƙe da ƙarfen nan ina jin tana tari tana ƙoƙarin danne shi, sannan na murza injin ya tashi.

Jama'a Juma'a ta matso, Baffa da Nura suna jirana. Waɗanda suka san kunyar ɗan fari a cikinku, musamman iyaye mata, akwai hanyar da zan sanar da ita na dawo ba tare da ta gane an tona ta ba? In kashe injin in bar wa ƙanena unguwar, ko in bi maganarta in bar shi? Kuma don Allah kada ku lallashe ni, ku faɗa mini yadda kuka gani daga waje, in na bar injin nan yana aiki, don ita na bar shi ko don kaina?